Hancin pon: ƴar karkatar da ke cinye kardan ɗin motocin kasuwa

Duk mai bin kasuwannin ƙauye ya san motocin da muke nufi. Su ne masu buɗaɗɗen baya, Toyota Hilux da Land Cruiser da tsofaffin Fijo bashe, da kuma Hiace mai ɗaukar mutane a ciki, kaya a bisa. Su ke kai mu kasuwar Tawa ran Lahadi, su kai mu ta Damagaram ran Alhamis, su kwaso albasar Galmi da tattasan Difa da waken ƙauyukan Maraɗi. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa leƙa ƙarƙashin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba abin kunya ba ne, kowa da sana'arshi. Sai dai jarinku ne ke bisa motar, wani lokaci ma ku da kanku ne zaune bisa buhunan. Wasu daga cikinku kuma, Alhazai da Hajiyoyi, ku ne masu motar. Kun saya kun ba direba, yana kawo maku kuɗin mako, amma kafin wata biyu ya cika sai ya zo da takardar garaji, wai kurwaziyo ya sake mutuwa.

Wannan kurwaziyo mai yawan mutuwa shi ne maganarmu ta yau. Direba zai ce kayan gyaran yanzu ba su da ƙarko, kuma da gaskiyarshi, jabu sun cika kasuwa. Mai mota zai ce direba ne ke da mugun hannu. To amma idan aka sa sabo ya mutu, aka sake sa wani ya bi sahun na farko, alhali ga wata mota irinta tana bin hanya ɗaya da ita shekara guda ba a taɓa nata ba, ya kamata a daina zargin ƙarfe, a duba yadda hancin pon ya tsaya. Sau da yawa karkatar digiri 2 ko 3 ce kawai, wadda ido ba ya gani, take cin kuɗin mutane.

Kayan da ke ƙarƙashin ƙafafunku

A irin waɗannan motoci inji yana gaba, buwat ɗin giya na manne a bayanshi, amma ƙafafun baya ne ke tura mota. Abin da ke kai ƙarfin inji baya wata doguwar sandar ƙarfe ce da ke kwance a ƙarƙashin mota, ita ce makanikai ke kira kardan. Sunan ya samo asali daga wani likita masanin lissafi na ƙasar Italiya, Gerolamo Cardano, wanda ya rayu daga 1501 zuwa 1576. A kowane kai na sandar akwai gaɓa mai lanƙwasuwa, kuma a tsakiyar gaɓar akwai wani ƙarfe mai hannu huɗu, shi ne kurwaziyo. Kowane hannu yana da hula, cikin hular an jera ƙananan ƙarafa sirara kamar allurai suna mirginawa cikin giris. A kan waɗannan ƴan allurai duk ƙarfin injin ke bi.

Kan sandar na baya yana ɗaure ne a jikin pon, wato wannan ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya biyu, mai kumburi a tsakiya kamar tulu. Inda tulun ya yi tsini ta gaba ya tarbi kardan, nan ne hancin pon. A cikinshi akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke juya wani babba, babban kuma ya juya ƙafafu. Shi pon ɗin ba a manne yake da shasi ba. Yana ɗaure ne da lam, waɗannan faifayen ƙarfe dogaye da aka jera bisa juna, da wasu ƙarafa masu siffar ƙugiya da ake kira birid. Ke nan lam aiki biyu take yi: tana ɗaukar nauyin lodi, kuma ita ce ke riƙe pon kada ya juya a inda yake. Duk abin da ya taɓa lam ya taɓa tsayuwar hancin pon, ko an sani ko ba a sani ba.

Masu ƙananan taksi na cikin gari da ke ja da ƙafafun gaba, wannan magana ba ta shafe ku ba. Haka ma Fijo 504 mai ɗaukar fasinja, domin ita sandarta a cikin bututu take, kuma bayanta ba a kan lam yake zaune ba.

Aibin da aka haifi kurwaziyo da shi

Kurwaziyo yana da wani hali da ba ya rabuwa da shi ko da sabo ne fil daga kamfani. Idan sanduna biyun da ya haɗa suna miƙe sambal, juyinsu ɗaya ne. Amma da zarar an lanƙwasa gaɓar, ko da inji na juyawa da gudu ɗaya bai canza ba, sandar da ke karɓa sai ta riƙa yin sauri ta rage, ta yi sauri ta rage, sau 2 a cikin kowane juyi guda. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya gano haka tun a ƙarni na 17, shekaru aru-aru kafin a ƙera mota. Kuma gwargwadon lanƙwasa gwargwadon fizgar, har ma fizgar ta fi lanƙwasar saurin girma. A digiri 3 ba ta taka kara ta karya ba. A digiri 10 gudun sandar na hawa da sauka da kashi 1 da rabi cikin 100, a digiri 15 kuwa ya kai kashi 3 da rabi.

Ga wanda bai saba da digiri ba: inda bangon ɗaki ya haɗu da daɓe, digiri 90 ke nan. Digiri 1 kuwa, a ɗauki sanda mai tsawon mita 1 a kwantar, a ɗaga kanta guda da abin da bai cika santimita 2 ba, shi ke nan.

Wani zai ce kashi 1 da rabi ai ba komai ba ne, ko a ciniki an yafe fiye da haka. To a yi lissafi. A ɗauka mota na gudun kilomita 80 a awa bisa kwalta tsakanin Ƙonni da Madawa. Taya irin ta Hilux tana cin ƙasa kamar mita 2 da ƴan kai a juyi ɗaya, ke nan tana juyawa wajen sau 600 a minti. Kardan kuwa sai ya juya sau 4 da wani abu kafin taya ta juya sau 1, saboda haka yana yin kusan juyi 2600 a minti, fiye da 40 a daƙiƙa guda. Tun da fizga 2 ce a kowane juyi, ƴan allurai na shan fizga fiye da 80 a kowace daƙiƙa, daga fitowa tasha har isa. Wannan ita ce rawar da kuke ji tana taso maku daga ƙarƙashin kujera har cikin haƙora.

Dabarar da maƙera mota suka yi ita ce su sa kurwaziyo biyu, na baya ya warware abin da na gaba ya ƙulla. Mata sun fi kowa gane wannan, domin lugude ne. Mata biyu a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, daka na tafiya lami lafiya. In ɗaya ta saɓa, taɓare su yi karo, hatsi ya watse. Haka kurwaziyon gaba ke sa sanda sauri a daidai lokacin da na baya ke rage shi, har juyi ya isa hancin pon sumul kamar yadda ya fito daga buwat. Amma luguden ba ya daidaituwa sai lanƙwasar gaba ta zo daidai da ta baya. Hakan na nufin layin buwat da layin hancin pon su kasance sun jeru kamar ƙarafan hanyar jirgin ƙasa, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa amma karkatarsu ɗaya. In buwat ya sunkuya ta baya da digiri 3, to hancin pon ya ɗaga kai ta gaba da digiri 3.

Kamfanin Spicer na Amurka, wanda ya fara ƙera irin waɗannan gaɓoɓi na mota tun 1904, shawararshi ita ce lanƙwasar kowace gaɓa kada ta wuce digiri 3 in ana son ta yi ƙarko, kuma bambancin ta gaba da ta baya kada ya wuce digiri 1. Akwai kuma wani sharaɗi da kan ba mutane mamaki: ba a son sandar ta miƙe sambal, ana son aƙalla rabin digiri. Dalili shi ne in babu lanƙwasa ko kaɗan allurai ba sa mirginawa, suna tsaye wuri ɗaya suna danna hannun kurwaziyo har su yi mishi zane-zane kamar tsagar fuska, giris ma ba ya zagayawa.

Yadda muke ɓata ta da hannunmu

Mota ba ta fitowa daga kamfani da wannan ciwo. A wurinmu take kamuwa da shi, kuma kowa ya san ta yadda abin ke farawa. Hilux an yi ta ne don ɗaukar abin da bai wuce kamar tan 1 ba, wato buhu 10 na hatsi mai kilo 100, kuma a cikin wannan nauyi har da direba da yaranshi. Ku da kanku kun san buhu nawa ake ɗora mata ranar kasuwa, kafin a zo ga awaki da jarkoki da mutanen da ke zaune bisa. Lam ta gaji ta kwanta, bayan mota ya zauna, taya ta fara gogar jiki. Sai a nufi garaji a ce a ƙara mata ƙarfi.

Nan makaniki zai ƙara lam 2 ko 3 cikin jerin, ko a kwance su a kai maƙera a bubbuga a ƙara masu lanƙwasa, ko a cire jimel, wato ƴan ƙarafan da ke rataye kan lam na baya a jikin shasi, a sa waɗanda suka fi tsawo. Wasu ma har guntun ƙarfe suke cusawa tsakanin lam da pon. Mota ta fito ta ɗaga baya kamar zakara, mai ita ya ji daɗi, direba ya ji daɗi. Ba mu ga laifin makaniki ba a kan ƙarin lam, hanyoyin jar ƙasa masu gargada da irin lodinmu su suka kawo haka. Inda muke ganin laifi shi ne an yi rabin aiki an karɓi kuɗin cikakke, domin ba wanda ya koma ya auna abin da ɗagawar ta yi wa kardan.

Ga abin da ta yi. A ɗauka tsawon kardan santimita 130 ne. In aka ɗaga mota daga kan pon da santimita 5, gangaren sandar ya ƙaru da digiri 2 da ƴan kai. In santimita 10 ne, ƙarin ya haura digiri 4. Gaɓar da ke aiki a digiri 2 ta koma 6 da wani abu, ninki biyu na abin da maƙeranta suka so. Dogon jimel kuwa ɓarnarshi ta fi haka, domin bayan lam kaɗai yake saukarwa, sai jerin lam ɗin gaba ɗaya ya karkata, pon ya bi shi, hanci ya ɗaga sama. Lam mai tsawon santimita 120 in aka ƙara wa jimel ɗinta santimita 5, hanci ya ɗaga da fiye da digiri 2. Yanzu lanƙwasar gaba ta ƙaru, ta baya ta ragu, lugude ya saɓa.

Akwai kuma abin da ba a gani sai mota na tafiya. Duk lokacin da direba ya ba ta wuta, ƙarfin da ke juya ƙafafu gaba yana neman juya pon ɗin kanshi baya, sai hanci ya yi sama, lam ta murɗe tana riƙe shi. In ya taka birki hanci ya yi ƙasa. A kan lam mai lafiya motsin kaɗan ne. A kan lam da ta gaji, ko birid da ya yi sako-sako, ga lodi, ga yashi, ga giya ta ɗaya, hanci na iya yin sama sosai. Shi ya sa masu gyara na ƙwarai ba sa tsayar da hanci daidai da layin buwat cif, sukan bar shi ƙasa da haka da digiri 1 ko 2, yadda in an ba mota wuta zai tashi ya zo daidai. Kamar mai awon gero ne da ke tara tiya ta yi tozo, don ya san in an girgiza za ta zauna.

Abin da fasinja ke iya ji

Ba sai kin iya riƙe sifana ba, Hajiya, kafin ki san motar da kika ɗora wa kayanki tana da wannan ciwo. In tana kakkarwa lokacin tashi da lodi, daga tsaye har ta ɗan miƙa, sannan ta lafa, a duba karkata. In rawar na zuwa duk lokacin da direba ya ba ta wuta, ta ɓace da ya ɗaga ƙafa, alama ce hanci na wuce iyaka ta sama. In akasin haka ne, tana rawa sa'ad da aka saki wuta a gangare, to hanci ya yi ƙasa da yawa. Rawar da ba ruwanta da ba da wuta ko sakinta, wadda ke zuwa a wani gudu guda kullum, ita galibi daga taya ce, ko kardan ya lanƙwashe, ko ƴan ƙarafan da aka liƙa mishi don daidaita nauyi sun fita. Ƙarar ƙwas da ake ji in an sa giya ko an koma da baya kuwa, wannan kurwaziyo ya riga ya yi sako-sako. Wanda ya leƙa ya ga jan gari kamar tsatsa a bakin hulunan, allurai sun bushe suna niƙa kansu.

Direba zai ce maki gargadar hanya ce. Ki jira a hau kwalta mai kyau. Gargada ba ta bin mota kwalta.

Abin da ya sa muka ɗauki maganar da zafi shi ne yadda ƙarshenta ke kasancewa. Kurwaziyo ba ya mutuwa a tasha, yana mutuwa ne a inda aka fi matsa mishi, cikin yashi ko kan hawa ko a tsakiyar gudu. Mafi sauƙi shi ne mota ta tsaya a daji, a tura yaron mota gari neman kaya, tumatir ya kwana cikin kwando, kasuwa ta ci ta watse ba ku isa ba. In na baya ne ya tsinke mota na gudu, inji na ci gaba da juya sandar tana dukan duk abin da ta samu, bututun hayaƙi, tankin mai, tiyon birki. In na gaba ne ya fi muni, domin kan sandar na faɗuwa ƙasa yana fuskantar inda aka nufa, yana iya cakar ƙasa ya cilla bayan motar sama, ga mutane zaune bisa kaya ba abin riƙewa. Allah ya kiyaye.

Awo kafin gyara

Awon ba shi da wuya, kuma ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Akwai ƙaramin ma'aunin karkata mai maganaɗisu da ake mannawa jikin ƙarfe. In babu shi, wayar salula ta zamani na iya yin aikin, domin akwai manhajar awon karkata da ake sa mata. In ita ma babu, ma'aunin kusurwa na ƴan makaranta da zare da aka ɗaura wa ƙusa ya wadatar ga mai haƙuri.

Amma kafin a auna sai an tabbatar sauran kaya lafiya suke, in ba haka ba awon banza ne. A duba robobin da inji da buwat ke zaune a kai, domin in sun lotse layin buwat ya riga ya kauce. A duba ko akwai lam da ta karye, a duba robobin kawunan lam, a duba ƙusar tsakiya da ke haɗa jerin lam ta shiga ramin mazaunin pon. In wannan ƙusa ta guntule pon na zamewa, shi ne za ku ga mota na tafiya a karkace kamar kare. A kuma duba wani abu da ake yawan sakaci da shi a garaji: kardan mai shiga cikin juna, in an zare shi aka mayar ba a kan haƙoran da yake ba, kunnuwan gaba da na baya ba za su kalli waje ɗaya ba, kuma ko karkata ta yi daidai mota sai ta yi rawa. Wasu sandunan suna da kibiya biyu da ake haɗawa. In babu, a shafa fenti kafin a kwance.

A tsayar da mota a wuri mai shimfiɗa, bisa ƙafafunta, ba bisa jak ba, domin in pon na reto awon ya tashi a banza. Garaji mai rami ya fi. A sa duwatsu gaba da bayan taya, don da zarar an kwance kardan giya ba ta riƙe mota, kuma a tsofaffin Land Rover birkin hannu ma a bayan buwat yake, kwance sanda ya raba shi da ƙafafu. Sai a auna abu uku: karkatar buwat a fuskar faifan da kardan ke ɗaure, karkatar kardan a jikin sandar, da karkatar hanci a fuskar nashi faifan. A rubuta. A yi awon sau biyu, mota ba kaya da kuma mota da irin lodin da ta saba ɗauka, kuma na lodin shi ne abin dogaro, tun da a haka take yini.

Misali, an auna an samu buwat ya sunkuya baya da digiri 3, kardan na gangarawa da digiri 8, hanci ya ɗaga da digiri 6. Lanƙwasar gaba 8 a cire 3, saura 5. Ta baya 8 a cire 6, saura 2. Bambanci digiri 3 tun mota na tsaye, in kuma aka ba ta wuta hanci ya ƙara tashi, ta baya ta kusa ɓacewa, ta gaba na nan a 5. Abin da ake so shi ne hanci ya dawo wajen digiri 2, ƙasa da na buwat da 1, ke nan a saukar da shi da digiri 4. Rawa za ta lafa. Sai dai mu faɗi gaskiya, gaɓoɓin za su ci gaba da aiki a wajen digiri 5, wanda ya fi abin da ake so, kuma kurwaziyo ba zai yi kwanan da zai yi a digiri 2 ba. Maganin wannan ɗaya ne, a rage tsawon da aka ƙara wa motar. Lam mai ƙarfi wadda ba ta ɗaga mota sosai ta fi dogon jimel nesa ba kusa ba.

Kal, da ta inda ake sa shi

Ana gyara tsayuwar hanci ne da kal, wani ɗan faifan ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗayan, kamar bakin gatari, da ake sawa tsakanin lam da mazaunin pon, ɗaya a dama ɗaya a hagu, masu digiri ɗaya. A nan ne ake yawan juya abu, domin motocin ba iri ɗaya ba ne. A wasu, kamar Hilux mai ja da ƙafa huɗu, lam na bisa pon. A irinsu in kaurin kal ya kalli gaba hanci ya sauka, in ya kalli baya hanci ya tashi. A wasu kuma, kamar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, lam na ƙarƙashin pon, sai abin ya juya: kauri a gaba na ɗaga hanci, kauri a baya na saukar da shi. Wanda ya sa kal na digiri 4 a juye ya mayar da ciwon digiri 4 ya zama na 8. Saboda haka bayan an ɗaure sai an sake aunawa.

Kal ya zama na baƙin ƙarfe. Na sanholo, irin wanda ake zuba tukwane da shi, yana tsagewa a ƙarƙashin lodi da gargada, ya zube, birid ya saki. Kada a jera kal biyu bisa juna. Kuma ƙusar tsakiya ta ratsa ta cikinshi, kanta ya yi tsawon da zai fito ya shiga ramin mazaunin pon, in kan ya gajarta a sake ƙusa. In gyaran da ake bukata ya haura kamar digiri 5 ko 6, ba aikin kal ba ne kuma. Sai a yanke mazaunan lam daga jikin pon, a juya pon zuwa inda ake so, a ɗan liƙa, a auna, sannan a yi walda sosai, kaɗan-kaɗan ana bari yana hucewa don kada zafi ya lanƙwasa pon. Wannan aikin babban mai walda ne, ba na yaron da ya fara koyo bara ba.

Akwai wata dabara da ta yaɗu wadda muke roƙon a bari. In an ɗaga mota sai a juya hanci ya kalli buwat kai tsaye, wai don sanda ta miƙe. A ido abin ya yi kyau, amma an kashe lanƙwasar baya an bar ta gaba ita kaɗai, ba mai warware mata fizga, mace ɗaya ke daka ɗayar ta ajiye taɓarya. Wannan tsari na wani irin kardan ne dabam, mai kurwaziyo biyu a haɗe a kanshi na gaba. Ga sanda ta yau da kullum ba ya yi. Ƙari a kan haka, hancin da ya ɗaga sosai yana nisa da man da ke kwance a gindin tulun pon, sai boris ɗin gaba ya riƙa aiki da ƙishirwa. Motoci masu dogon shasi da kardan ɗinsu ya kasu biyu, da abin rataya a tsakiya, su gaɓa uku gare su, kuma in an ɗaga su sau da yawa sai an ɗan saukar da abin ratayar shi ma. A kai su wurin wanda ya saba da su.

Ke mai mota, ko kai Alhaji, abin da ya rage naku kaɗan ne. Duk ranar da aka taɓa lam, ƙari ne ko bugu ko canjin jimel, ku ce a auna maku lambobin nan uku a gabanku, a rubuta a takarda a ajiye tare da takardun mota. Makanikin da ya san aikinshi ba zai ji haushi ba. Ku sayi sabon birid, domin tsohon da aka ɗaure aka kwance ya riga ya miƙe, ba ya riƙo kamar da, kuma in an ƙara lam ko kal tsawonshi ma ba lalle ya isa ba. A ɗaure notocin bi da bi, a gicciye, kada a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran. A bi kurwaziyo da famfon giris har sabon giris ya ɓullo ta hulunan huɗu duka, a kuma maimaita da damina duk lokacin da mota ta ratsa korama. Daga nan a ɗora mata lodi a gwada ta bisa kwalta, a ba ta wuta a saki, a saurara. Bayan ta je kasuwa ɗaya ko biyu ta dawo, a mayar da ita bisa rami a sake bin notocin birid, domin sababbin lam da kal suna zaunawa cikin kwanakin farko, kuma noti da aka ɗaure tam ran Litinin ana iya samun shi ya saki kafin Juma'a.